Cefane da Kuɗin Waya

A ƙasar Hausa, cefane shi ne sayen kayan miya da sauran abin da za a dafa a gida, kamar tumatir da tattasai da albasa da daddawa da nama. Bisa al'ada, nauyin cefane a kan maigida yake. Ko dai ya je kasuwa da kansa, ko ya aiki yaro, ko kuma ya bar wa uwargida kuɗi kafin ya fita. A da, da tsabar kuɗi ake yin komai. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, in sun daidaita a ƙirga kuɗi, a ba da canji, wani lokaci har da gyara. Har yanzu haka ake ciniki, sai dai hanyar biya ta kasu biyu: kuɗin hannu da kuɗin waya.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. Daga baya bankuna suka fito da lambobin da ake latsawa a tura kuɗi ko da a ƙaramar waya marar intanet, sa'an nan manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka shigo. Amma abin da ya tura talaka ga wannan hanya shi ne sauya fasalin naira. A Disamba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma sa wa'adin daina karɓar tsofaffi. A farkon 2023 takardun kuɗi suka yi ƙaranci ƙwarai, har mutum yana da kuɗi a banki amma ya rasa na cefane. Tun daga lokacin, mahauta da masu kayan miya da masu shayi da yawa suka buɗe asusu, suka liƙa lambarsa a jikin rumfa. Hausawan zangunan Gana kuwa sun riga sun saba da MoMo, wanda kamfanin MTN ya fara a can a 2009.

Abubuwa uku ne magidanci yakan auna kafin ya zaɓi hanyar da zai bi.

Na farko, la'ada. Masu na'urar POS, waɗanda ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titi, suna karɓar wani abu a kan duk kuɗin da aka cira. Alal misali, idan ana biyan naira 100 a kowace cira, wanda yake cirar kuɗin cefane kullum zai kashe naira 3,000 a wata. Wanda yake cira sau ɗaya a mako kuwa, ko da naira 300 ake karɓa a hannunsa, abin da zai biya bai kai rabin haka ba.

Na biyu, sabis. Wani lokaci kuɗi yakan fita daga asusun mai saye, amma bai isa ga mai kaya ba. Mai kaya ba zai saki kayansa ba, banki kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya mayar da kuɗin. Idan kuɗin ke nan a gidan, ranar ba za a ɗora tukunya da wuri ba.

Na uku, tsaro. Kuɗin waya ba ya faɗuwa daga aljihun yaron da aka aika, amma yana da nasa ɓarayin. Akwai masu kiran mutum su ce su ma'aikatan banki ne, su nemi lambarsa ta sirri ko lambar BVN, wadda aka ƙirƙiro a 2014. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Akwai kuma masu nuna wa 'yan kasuwa saƙon biya na bogi, shi ya sa mai wayo ba ya miƙa kaya sai ya duba asusunsa da idonsa. Haka nan manhajojin ba da bashi cikin minti kaɗan: kuɗin ruwansu yana da yawa, wasunsu kuma sukan aika wa dangin wanda ya kasa biya saƙonnin cin mutunci. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka, matan aure masu sana'a a cikin gida sun ci moriyar wannan sauyi. Mai ɗinki ko mai turaren wuta tana tallata kayanta ta WhatsApp, kuɗinta ya shigo asusunta ba tare da ya bi ta hannun kowa ba, ta kuma yi zubin adashi daga ɗakinta.

Saboda haka, gidaje da yawa sun haɗa hanyoyin biyu. Manyan buƙatu, kamar buhun shinkafa da kuɗin makaranta da katin wutar lantarki, ana biyansu ta waya, domin shaidar biya tana nan a ajiye. Ƙananan kuwa, irin su gishiri da kuka da kuɗin mai ruwa, ana tanadar musu 'yan canji a gida, don kada rashin sabis ya hana yara cin tuwon dare.