Rediyon Feda da Iyalan Makiyaya a Ƙuryar Ostareliya

A tsakiyar ƙasar Ostareliya akwai yanki mai faɗi da ƙarancin ruwa, inda ake kiwon shanu da tumaki a gandaye waɗanda wasunsu sun haura murabba'in kilomita 10,000, ta yadda iyali kan yi watanni ba su ga baƙuwar fuska ba. A farkon ƙarni na ashirin, karaya ko naƙuda mai gardama a irin waɗannan gidaje takan zama ajali, saboda kafin a kai labari wurin da wayar tangaraho take, mai afkuwa ta riga ta afku.

Wani limamin Kirista mai suna John Flynn ne ya kafa hukumar likitocin jirgin sama a garin Cloncurry na jihar Queensland a 1928, amma jirgi ba shi da amfani in babu hanyar kiransa, kuma gidajen ba su da wutar lantarki. Injiniya Alfred Traeger ya warware wannan matsala da wata na'ura wadda ake juya janaretanta da feda irin ta keke, mai magana yana tuƙawa da ƙafafu, hannuwansa kuwa suna aika saƙo. An kafa ta farko a gandun Augustus Downs a 1929. Da fari sai an iya haruffan Mos, wato tsarin ƙwanƙwasa gajera da doguwa wanda ke wakiltar baƙaƙe, abin da ya wahalar da mutane, har Traeger ya ƙera wani allo mai kama da na tafireta da ke mayar da harafi zuwa ƙwanƙwasa, kafin a koma magana da murya a shekarun 1930.

Abin da ya sa ƙaramar na'ura ke kai saƙo ɗaruruwan kilomita shi ne amfani da gajeren zango, wanda igiyoyinsa kan hau sama su bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki, da ake kira ayonosfiya, sa'annan su dawo ƙasa a wuri mai nisa. Yanayin wannan sashe yana sauyawa tsakanin dare da rana, shi ya sa murya kan fito tangaran da safe, da rana kuma ta cika da ƙara.

Daga 1942 aka fara ajiye akwatin magani a gidajen, kowane magani da lambarsa, daga baya aka ƙara hoton jikin mutum da aka rarraba sassansa da lambobi da haruffa. Uwa takan duba hoton ta faɗa wa likita daidai inda ɗanta ke jin ciwo, shi kuma ya ce ta ɗauko magani mai lamba kaza, ta ba shi ƙwaya kaza, ba tare da jirgi ya tashi ba.

Sai dai babban tasirin na'urar bai tsaya ga jinya ba, domin layin a buɗe yake, duk wanda ya kunna yana jin abin da kowa ke faɗa. Saboda haka aka ware lokaci a kowace rana domin hira, wanda aka laƙaba wa sunan galah, wani aku mai yawan surutu. A nan matan gandaye, waɗanda su ne suka fi ɗanɗana kaɗaici idan maza sun bi shanu, suke jin wadda ta sauka lafiya, da inda aka yi ruwa, da hanyar da ambaliya ta yanke, da motar da ya kamata a ce ta iso amma shiru. Sirri kam babu shi, har ciwon da mutum ya kai wa likita maƙwabta sun ji, amma wannan rashin sirri ne ya mayar da gidaje warwatsattsu unguwa guda, inda ake cigiyar wanda aka kwana biyu ba a ji muryarsa ba.

A kan wannan layi ne Adelaide Miethke, wata ƙwararriyar malama, ta ba da shawarar koyar da yara, aka buɗe makarantar rediyo ta farko a Alice Springs a 1951. Ɗalibanta suna warwatse a yankin da ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.3, wato ya fi Nijeriya faɗi, kuma yaro kan san muryar abokan ajinsa da daɗewa kafin ya ga fuskokinsu.

A farkon wannan ƙarni makarantun sun koma intanet ta tauraron ɗan'adam, tarho kuma ya ba kowane gida sirrinsa, ko da yake ya rage wancan taro da labarin maƙwabci ke iske mutum ba tare da ya tambaya ba. Duk da haka rediyon oba-oba bai bar motocin gandaye da gidajensu ba, saboda har yau sabis ɗin wayar salula bai kai mafi yawan wannan yanki ba.