Ko Ka Sani? Ɗan Akwatin Bakin Rafi da Ke Yanke Kuɗin Inshora

A Amurka, mai gida a gaɓar rafi yakan biya kuɗin inshorar ambaliya fiye da maƙwabcinsa na kan tudu, wani lokaci da tazara mai yawa. Lissafin nan kuwa yana farawa ne daga wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kafawa a jikin gada ko a bakin ruwa, wanda masu wucewa ko kallonsa ba sa yi.

Ma'aunin ruwan kogi ke nan. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta kafa na farko a 1889 a Embudo da ke jihar New Mexico, kan kogin Rio Grande, yau kuma tana kula da fiye da 8,000. Irin na dā rijiya ce da ake ginawa a gefen kogi a haɗa su da bututu, sai a saka wani abu mara nutsewa da ke hawa da sauka tare da ruwan. Na zamani, wasu iska suke hurawa ta siririn bututu zuwa ƙasan ruwa su auna ƙarfin da ke danne ta, wasu kuma rada ce da ke leƙen ruwan daga saman gada. Duk minti 15 na'urar takan rubuta tsayin ruwa, ta aika ta tauraron ɗan'adam kusan kowace awa.

Sai dai sanin tsayi kaɗai bai wadatar ba. Duk bayan mako shida zuwa takwas ma'aikata kan je da kansu, su shiga ruwa da sandar awo ko su ja ɗan kwale-kwale mai na'urar sauti, su auna faɗi da zurfi da saurin gudu. Da haka ake gane yawan ruwan da ke wucewa a kowane tsayi. Aiki ne da ba ya ƙarewa, domin ambaliya ɗaya tana iya kwashe yashin gindin kogi ko ta jibge sabo, tsohon lissafi ya tashi.

Daga nan masana kan tsamo cikar da ta fi kowace girma a kowace shekara, su jera, su fitar da girman ambaliyar da yiwuwar aukuwarta kashi 1 ne cikin 100 a shekara. Sai a zuba adadin a kwamfuta tare da taswirar tudu da kwari, wadda ake aunawa da hasken lesa daga jirgin sama, a ga inda ruwan zai kai. Hukumar agajin gaggawa, FEMA, ita ke zana iyakar. Duk gidan da ya faɗa ciki, in da bashin banki da gwamnatin tarayya ke mara wa baya aka saye shi, inshora ta zama dole, yawanci ƙarƙashin shirin inshorar ambaliya na gwamnati da aka kafa a 1968.

Wurin da ya kamata mai gida ya natsu shi ne sunan da ake kiran wannan ambaliya da shi, "ambaliyar shekara 100". Da yawa kan ɗauka in ta zo bana, sai jikoki. Ba haka ba ne: cikin shekara 30 na biyan bashin gida, yiwuwar ta auku aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100. Garin Ellicott City na jihar Maryland ya sha ruwan da aka ƙiyasta na shekara 1,000 ne a Yulin 2016, bai gama farfaɗowa ba wani ya sake afka masa a Mayun 2018. A Houston ma, guguwar Harvey ta 2017 ta cinye dubban gidaje da taswira ta nuna suna wajen iyaka. Rafin da aka auna shekara ashirin kacal ba zai faɗi gaskiyar ƙarni ba, ga kwalta da siminti suna ƙara hana ƙasa shan ruwa.

Tun Oktoban 2021 FEMA ta sauya tsarin yanke kuɗin inshorar. Yanzu gida-gida ake dubawa: nisansa da ruwa, tsayin daɓensa, irin ambaliyar da ke barazana gare shi, da abin da sake gina shi zai ci. Taswirar tana nan, ita ke faɗin wanda inshora ta wajaba a kansa.