Mene ne "azumi da addu'a" da CAN ke yawan kira?

Sau da yawa idan aka kai hari ko aka sace mutane, akan ji Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976, ta kira mabiyanta su yi azumi da addu'a. Ma'anarsa a keɓe rana ɗaya ko 'yan kwanaki a ƙaurace wa abinci, a mai da hankali ga roƙon Allah kan wata damuwa. Ya bambanta da azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka kafin Ista.

Babu tsari guda. Wasu kan kame baki daga asuba zuwa yamma, wasu zuwa tsakar rana. Da yamma a taru a majami'a, a karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, a yi waƙa, sannan fasto ya jero buƙatu ɗaya bayan ɗaya: mara lafiya, matafiyi, damina, waɗanda ke hannun 'yan bindiga. A ganina wannan jerin ne zuciyar taron, domin a nan ake jin wanda ke asibiti, kuma sau da yawa 'yan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, ne ke kai masa abinci washegari.

A Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe na Jihar Sakkwato, Kiristoci tsiraru ne, don haka taron ya zame musu wurin sanin halin juna. 'Yan Katolikan yankin suna ƙarƙashin diyosis ɗin Sakkwato, wato gundumar coci da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011.