Gado da Izini: Wa Ke Gadon Mukaddami a Zawiyoyin Garwa?

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke nazarin kalmomin shugabanci a Hausa yakan fara da na sarauta, wato sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa, ya tsaya nan. Amma akwai wani shugabancin da babu albashi a cikinsa, babu takardar naɗi daga hukuma, kuma mutane na ɗauke da shi shekara da shekaru saboda Allah. Shi ne shugabancin zawiya, wurin da 'yan ɗarika ke haɗuwa don zikiri. Wannan takarda za ta dubi yadda ake rainon shugaba a zawiyar Tijjaniyya da yadda ake samun wanda zai maye gurbinsa, tare da ɗaukar Garwa da arewacin Kamaru a matsayin misali.

2.0 Kalmomin da Ke Ɗauke da Maganar

Kalmar gado da muke nufi a nan tana da dogon wasali a gaɓar farko, saɓanin gadon kwanciya. Daga aikatau gada ta fito, kuma ɗalibi zai lura da yadda /d/ ke komawa /j/ a gaban wasalin /i/ ko /e/: ya gaji ubansa, ya gaje shi, magaji, magajiya. Kalma ce ta jini da gida. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa.

Sauran kalmomin duk aro ne daga Larabci. Mukaddami asalinsa wanda aka gabatar, aka sa shi gaba. Halifa kuwa wanda ya zo a bayan wani ya tsaya a matsayinsa. Muridi shi ne mai nema, hadimi mai hidima. Wadda ta fi su nauyi ita ce izini. A Tijjaniyya mutum ba ya fara lazimi sai mukaddami ya ba shi izini, shi ma mukaddamin ba ya ba wani sai da izinin na sama da shi, a haka har a kai ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Wannan sarƙa ita ce silsila. Izinin mukaddami iri biyu ne: akwai mai iyaka, akwai kuma iɗlaƙi, wanda ke ba mutum damar naɗa wasu mukaddamai yadda ya ga dama.

To, ga inda matsalar take. Gida da littattafai da filin zawiya ana gadonsu. Izini kuwa ba ya cikin abin da ake rabawa ranar rabon gado.

3.0 Yadda Zawiya Ke Rainon Shugaba

Garwa tana bakin kogin Binuwai, kuma ita ce hedikwatar jihar Arewa ta Kamaru. Fillanci ne harshen kasuwa da na fada a can, kamar yadda yake a Marwa da Ngaundare. Hausawa tsiraru ne, galibi zuriyar fatake da malamai, har akwai unguwa mai suna Hausare. Saboda haka sahun wazifa yakan haɗa Bafillace da Bahaushe da Babarbare, kuma wanda zai ja ragamarsu sai ya iya yi wa kowa nasiha da harshen da ke shiga zuciyarsa. Wannan sharaɗi ne da mukaddamin Kano ba ya cika fama da shi.

Aikin zawiya na kullum ne. Kowane muridi na yin lazimi safe da yamma shi kaɗai: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa ana yin ta a cikin jama'a kowace rana, sai kuma zikirin Juma'a bayan la'asar. Dole wani ya share wuri, ya shimfiɗa tabarmi, ya tanadi ruwan alwala, ya wanke farin ƙyallen da ake shimfiɗawa lokacin karanta Jauharatul Kamali, ya karɓi baƙi, ya riƙe kuɗin Mauludi. Masu yin wannan tela ne da direba da ɗan kasuwa da malamin makaranta, kowa bayan ya tashi daga nemansa.

A cikin wannan hidima ake gane shugaban gobe. Babu aji, babu jarrabawa. Mukaddami mai hangen nesa yakan bar wani ya ja wazifa alhali shi yana zaune a sahu, ya aike shi sulhu tsakanin 'yan'uwa biyu, ya tura shi wakilci wurin ta'aziyya a Yola ko Marwa, ya ga yadda zai dawo da canjin kuɗin mota. A ganina wannan na ƙarshe ya fi karatun baki nuna halin mutum. Sai dai da yawa daga cikin dattawa na jin nauyin bayyana zaɓinsu. Wani yana ganin ambaton magaji kamar kiran mutuwa ne, wani kuma yana gudun ɓata wa 'ya'yansa. Sai ya rasu da maganar a cikinsa, ranar sadakar bakwai a tashi da mutum biyu: babban ɗa mai riƙe da makullin zawiya, da babban almajiri mai riƙe da izini. Ba a cika kai ƙara ba. Abin da yakan faru shi ne bayan 'yan watanni a ji ana wazifa biyu a unguwa ɗaya.

A kwatanta da sarauta. Dokar Kamaru ta 1977 ta tsara cewa ana zaɓen sarki daga gidan sarauta, bayan hukuma ta tuntuɓi masu zaɓe, sannan gwamnati ta tabbatar. Da Lamiɗon Garwa Alim Garga Hayatu ya rasu a watan Afrilu na 2021, a watan Mayu aka zaɓi Ibrahim El Rashidin. Zawiya ba ta da majalisar masu zaɓe, ba ta da gwamnan da zai raba gardama.

4.0 Yadda Wasu Suka Warware

Zawiyoyin arewacin Kamaru da yawa silsilarsu na bi ta Nijeriya zuwa Kaulaha ta Senegal, don haka abin da aka yi a can ya shafe su. Shehu Ibrahim Inyas ya rasu a Landan a 1975. Tun yana raye ya ɗaukaka almajirinsa Sayyidi Aliyu Sise, ya bayyana matsayinsa, kuma shi ya riƙe limancin babban masallacin Madina Baye har ya rasu a 1982, ɗansa Shehu Hasan Sise ya ci gaba zuwa 2008. Halifancin gida kuma ya tafi ga babban ɗan Shehu, Alhaji Abdullahi, har zuwa 2001. Wato an raba kujerar biyu, jini ya sami tasa, izini ya sami tasa. A Kano kuwa, da Shehu Nasiru Kabara na Ƙadiriyya ya rasu a 1996, ɗansa Ƙaribullahi ne ya zama halifa, aka haɗa biyun a mutum ɗaya.

Tambayar ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Mabiya addinin Buda suna da cibiyoyin zaman natsuwa da horar da zuciya, waɗanda 'yan sa-kai ke gudanarwa da kuɗin sadaka. Aƙidarsu daban take da tamu ƙwarai, amma ciwon kan shugabanci ɗaya ne. A cibiyar Zen ta San Faransisko a Amurka, malaminsu Shunryu Suzuki ya ba almajiri ɗaya tak, Richard Baker, izinin gadonsa kafin ya rasu a 1971. Iko duka ya taru a hannun mutum ɗaya, rikici ya ɓarke a 1983, ya sauka, daga baya cibiyar ta koma naɗa shugabanni fiye da ɗaya masu wa'adi. S. N. Goenka na Indiya ya bi wata hanyar: tun farkon shekarun 1980 ya riƙa naɗa mataimakan malamai da yawa, ya bar harkar kuɗi da gine-gine a hannun kwamitocin amintattu, har ya rasu a 2013 cibiyoyin suka ci gaba da aiki.

Wa'adi ba zai karɓu a zawiya ba, domin ba a karɓe izini don shekara huɗu ta cika. Abin da zai karɓu shi ne raba aiki. Filin zawiya yana iya zama waƙafi da shaidu da takarda, don kada ya shiga rabon gado. Kuɗi yana iya zama a hannun ma'aji da mutum biyu masu duba shi. Izini kuma mukaddami ya ba da shi a rubuce, a karanta a gaban jama'a bayan zikirin Juma'a, da Fillanci da Hausa, tun yana da ƙarfin zama a sahu bayan wanda ya zaɓa.