Almajirin da ba ya ji da kyau ba dakiki ba ne

Bayan an gama girbin gero a Damargu, malamai da yawa sukan kwashi almajiransu su tafi ci-rani. Wasu su sauka Tanut ko Belbeji, wasu su wuce Damagaram, wasu har Kano. Cikin yaran nan akwai waɗanda kunnensu ba ya ji sosai, kuma ba wanda ya sani.

Karatun allo da kunne ake ɗaukarsa. Malam ya biya, yaro ya ji, ya maimaita. In kunne ya yi nauyi, sai yaro ya riƙa cakuɗa baƙi da wasali. Allo guda ya yi wata biyu bai wanke ba. A kira shi, bai waiwayo ba. Sai a ce taurin kai ne, ko a ce daƙiƙi ne, a sa mashi bulala. Alhali yaron bai ji abin da aka faɗa ba.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce yara wajen miliyan 34 ke fama da rashin ji a duniya. Ta ce kuma cikin yara 10 masu wannan matsala, kusan 6 da an iya tsare su tun farko.

Abu na farko shi ne ruwan kunne. Yaro ya yi mura, ciwo ya hau kunne, mugunya ta taru bayan dodon kunne. Dodon kunne wata 'yar fata ce siririya, kamar fatar kalangu, ita ce ke karɓar sauti. In mugunya ta yi yawa sai ta huda ta, ruwa mai wari ya riƙa zuba. A nan ciwon yakan lafa, mutane su ce ai ya warke. Bai warke ba. Kunnen da ya yi wata da watanni yana zuba, jinsa raguwa yake yi, kuma ciwon yana iya shiga har cikin kai. Almajiri ya fi shiga wannan hali, don yana kwana a zaure ko a rumfa cikin sanyin hunturu da ƙura, kuma ba uwa kusa da za ta duba kunnensa da safe.

Na biyu shi ne sanƙarau. Lokacinsa rani ne, daga hunturu zuwa bazara, daidai lokacin ci-rani. Yana saurin yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana ɗaki guda. Nijar ta sha annobarsa a 1995 da 2015. Daga watan Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau, wajen 1 yakan fito da wata naƙasa, kuma sau da yawa kurumta ce. Wannan kurumta ba ta warkewa, don jijiyar ji ce ta lalace. Saboda haka in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuyansa ya sandare, a kai shi likita ranar nan. Kada a jira gari ya waye.

Ƙyanda da hangum su ma suna toshe kunne. Allurar ƙyanda ana yin ta yaro na wata 9, a sake wata daga baya. Kafin uba ya danƙa ɗansa ga malam, ya kamata ya duba katin rigakafinsa. In masu allurar sanƙarau sun zo gari, malam ya fito da yaransa duka, har da waɗanda suka tafi bara.

Akwai kuma abin da hannun mutum ke jawowa. Mari a kan kunne yana fasa dodon kunne nan take. Gardin da aka bar wa tsaron ƙolaye ya san da wannan. Haka sakace da tsinke, ko ashana, ko gashin kaza. Ɗauɗar kunne takan fito da kanta, in kuwa ta daskare ta toshe, ma'aikacin lafiya ne zai fitar da ita. Kada a zuba mai, ko ruwan ganye, ko tawada a kunnen da ke zuba. Allurar 'yan talla ma hatsari ce, akwai magungunan da ke kashe ji in ba a auna su daidai ba.

Malam yana iya gwada yaransa ba tare da wani kayan aiki ba. Ya tsaya bayan yaro, inda yaron ba ya ganin bakinsa. Ya sa a toshe kunne guda da yatsa, ya faɗi wata kalma a hankali, ya ce yaro ya maimaita. Sannan a gwada ɗayan. Ya kuma lura da yaron da ke zura wa bakin mutum ido, ko mai karkata kai gefe guda, ko mai yawan cewa "na'am?".

Wanda aka gane ba ya ji da kyau, a kai shi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin Tanut, ko babban asibitin Damagaram. Kunnen da ke zuba, ana goge shi da tsumma mai tsabta da aka murza, a ɗiga maganin da likita ya bayar, a hana ruwa shiga lokacin wanka. Kada yaron ya yi iyo a tabki.

Ba sai an cire shi daga makaranta ba. A zaunar da shi gaban malam, kunnensa mai kyau wajen malam. In karatun dare ne, ya zauna inda hasken wuta ke haska fuskar mai biya mashi. A yi mashi magana sannu, ba da tsawa ba, a nuna mashi baƙi da yatsa a kan allo. Wanda ya kurumce sarai, akwai makarantar kurame a Damagaram, inda ake koyar da yara da maganar hannu.