Daga ragon layya zuwa bututun dalma: abin da na gani a zauren majalisar birninmu

Ranar da maigidana ya ce in shirya mu je zaman majalisar birni, dariya na yi masa. Na sauko daga dutin awa 12, ƙafafuna kamar ba nawa ba, ga sanyin Janairu na jihar Michigan mai shiga har ɓargo. Na ce, "Haba Malam, ni da ko ƙuri'a ba ni da ita, me zan je in tsinta a can?" Ya ce maganar layya za a yi. To nan fa na jawo mayafi.

Ga wanda bai san wurin ba, Hamtramck muke zaune, ana furta shi Hamtiramik. Ɗan ƙaramin birni ne da Detroit ta kusa zagaye shi gaba ɗaya. Faɗinsa bai wuce murabba'in mil biyu da ɗan ɗoriya ba, kuma ƙidayar 2020 ta ce mutum 28,433 ne a cikinsa. A da garin 'yan asalin Poland ne, waɗanda masana'antar motoci ta Dodge ta jawo tun wajajen 1910, har Fafaroma John Paul na biyu ya kawo musu ziyara a 1987. Yanzu kuwa in ka bi titin Joseph Campau ko Conant, Larabcin Yaman da harshen Bangaladash za su fi cika maka kunne. Tun 2004 majalisar birnin ta amince a riƙa kiran salla da lasifika. A Janairun 2022 aka rantsar da Amer Ghalib, haifaffen Yaman, a matsayin magajin gari, kansiloli shida kuma duk Musulmi, abin da ba a taɓa gani ba a Amurka. Mu Hausawa a nan ba mu taka kara mun karya ba, 'yan gidaje ne na mutanen Najeriya da Nijar da zangon Ghana, muna raɓe a cikin sauran baƙi.

Zaman da muka je a Janairun 2023 ne. Sakatariyar birnin tsohon asibiti ce aka mayar ofisoshi, ina shiga na gane daga tsarin barandar. Zauren ya cika maƙil. Masu kare haƙƙin dabbobi sun zo, maƙwabta masu tsoron jini da tumbi a lungu sun zo, mu masu son yanka ragonmu a bayan gida mun zo. Kowa aka ba shi 'yan mintocinsa. Abin da ya fi nauyi a muhawarar shi ne wani hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1993, a shari'ar birnin Hialeah da ke Florida, wanda ya hana birni kafa doka don tsangwamar yankan ibada na wani addini. A ƙarshe masu rinjaye suka amince a iya yanka a gida, da sharaɗin a kwashe ƙazanta yadda doka ta tanada. Kafin mu isa gida labarin ya karaɗe WhatsApp, washegari har Inna ta bugo daga Zamfara tana tambaya ko da gaske ne.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ana gama ƙuri'a mutane suka fara sulalewa, kamar an tashi daga ɗaurin aure. Malam ya tsaya gaisawa da mutanensa a bakin ƙofa, ni kuma na ɗauki takardar ajandar da wani ya yar a kan kujera, don kawai in rage zaman jira. Sai na ga ashe layya layi ɗaya ce tak a cikin doguwar takarda. Sauran duk irin abubuwan nan ne da ba mai tura wa ɗan uwansa a waya: biyan 'yan kwangila, naɗa mutane a kwamitoci, rahoton manajan birni. Na ninke ta na jefa a jaka. Daren nan ban yi barci da wuri ba, domin ta tuna mini da wata takardar da ta fi ta tayar mini da hankali.

A watan Oktoban 2021 aka sanar da mu cewa gwajin ruwan famfo a wasu gidajen birnin ya nuna dalma kashi 17 cikin biliyan, alhali iyakar da doka ta sa a lokacin 15 ce. 'Yata tana da wata bakwai, kuma saboda na koma aiki, madarar gwangwani nake haɗa mata da ruwan famfon nan. Har tafasa shi nake yi ina ganin na kyauta. Jama'a, tafasa ruwa ba ya kashe dalma. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfe ce, in ruwan ya ƙone ma sai ta ƙara taruwa. Na san wannan sarai tun a aji, amma ban taɓa kawo wa raina cewa a Amurka zan buƙaci sanin ba.

Duk ɗan Zamfara ya san abin da kalmar nan take nufi. A 2010 ina ɗalibar aikin jinya lokacin da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Dutsen zinariya ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar tana ɗauke da dalma, yara suna rarrafe a kai suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka tafi. Ba zan haɗa wancan bala'i da namu na nan ba, tsakaninsu akwai tazarar sama da ƙasa. Amma gubar ɗaya ce, kuma likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu wani adadinta da za a ce ba shi da illa a jinin yaro. Kaɗan ɗin ba ta sa suma ko farfaɗiya. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa natsuwa a aji, iyaye su ce ƙiriniya ce. A watan nan na Oktoban 2021 ne ma hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta sauko da ma'aunin da ake fara bibiyar yaro daga maikurogiram 5 zuwa 3.5.

Na bi layi na karɓo matacin ruwa da ake rabawa kyauta, na kai yarinya aka ɗebi jininta. Kwana ukun da na yi ina jiran sakamako, Allah kaɗai ya san yadda na yi su. Alhamdulillahi ya fito ƙasa da ma'aunin. Daga nan kuma, in faɗi gaskiya, na saki jiki. Na riƙa canja kan matacin, shi ke nan. Ban tambayi wa zai cire bututun ba, ko yaushe, ko da kuɗin wa.

Amsar duk tana cikin zauren nan. Ruwan da muke sha ba ya fitowa da dalma daga matatarsa. Birnin yana sayen shi ne a sari daga babbar hukumar ruwa ta yankin Detroit. Matsalar tana ɗan guntun bututun da ya taso daga babban layin titi ya shigo gida. Gidajenmu da yawa sun kusa shekara ɗari ko sun haura, kuma sai a 1986 Amurka ta haramta sa bututun dalma. Bayan abin da ya faru a Flint, inda aka sauya wa mutane ruwa zuwa na kogi a 2014 don rage kashe kuɗi ya cinye cikin tsofaffin bututu, jihar Michigan ta kafa doka a 2018: kowane birni ya cire bututun dalma duka cikin shekara 20, farawa daga 2021, wato kusan kashi 5 cikin ɗari a shekara, kuma hukumar ruwan birni ce za ta biya har da ɓangaren da ke cikin filin mai gida. Jiha ta ba da umarni, gwamnatin tarayya ta ware dala biliyan 15 a dokar manyan ayyuka ta 2021 don irin wannan aiki a ƙasa baki ɗaya. Amma neman tallafin, da ba da kwangilar, da tsayar da kuɗin ruwan da za mu biya, duk sai sun bi ta gaban mutum shidan nan da magajin gari. Shekara 20 kuwa ga jariri ba wasa ba ce. Wanda aka fara da titinsu da wanda aka ƙare da nasu, ɗaya yana goye ne, ɗaya ya isa aure.

Shi ya sa na koma. Sau biyu a wata suke zama, ranar Talata da ƙarfe 7 na yamma, sai na roƙi wata abokiyar aikina 'yar Filifin muka yi musayar duti. A zaman da na fara zuwa ni kaɗai, da yatsun hannu za ka ƙirga mu 'yan kallo. Akwai wata dattijuwa 'yar asalin Poland da ke zuwa da jan biro da ajandarta a buge, ita ta zama malamata. Ita ta nuna mini cewa akwai wani sashe da ake tara ƙananan batutuwa a ɗaure su dami guda, a amince da su da ƙuri'a ɗaya ba tare da muhawara ba, sai in wani kansila ya ce a zare ɗaya a duba. Ta ce in fi sa ido a nan, don a nan kuɗi ke wucewa ba hayaniya. Ta kuma koya mini cewa magajin gari ba shi ke tafiyar da ofisoshi yau da gobe ba. Manaja ne da majalisa ke ɗauka aiki, ita ke iya sallamarsa. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Yuli, kuma kafin a amince da kasafi dole a kira zaman jin ra'ayin jama'a.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zaman yana da gundura. An taɓa shafe fiye da rabin awa a kan gishirin da ake zuba wa titi lokacin dusar ƙanƙara, har na yi gyangyaɗi. Wani lokaci kuma a yi ta cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma birnin nan ya san kuɗar sakaci da lissafi. Sau biyu jiha tana karɓe ragamar kuɗinsa ta ɗora masa kantoma, a 2000 da kuma 2013, zaɓaɓɓu suka koma 'yan kallo. Flint ma a hannun irin wannan kantoman take lokacin da aka sauya ruwan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda ya tambaye ni takarda. Dokar Michigan ta 1976 ta wajabta a yi irin wannan zama a buɗe, kuma a bai wa jama'a damar magana. Mai girin kad kamata ba ya zaɓe, kuma ina roƙon 'yan uwa kada wanda ya kuskura ya gwada, don yana iya jawo masa kora daga ƙasar. Amma magana a gaban majalisa ba ta buƙatar zama ɗan ƙasa. Bare ma kashi 1 cikin ɗari na albashina birnin nan yake shiga a matsayin haraji, haya da nake biya kuma a cikinta mai gida ke fitar da harajin gida. Na girma ban taɓa ganin zaman kansilolin ƙaramar hukumarmu ba, ban ma san ɗakin da suke zama ba. Da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ƙanena ya bugo yana murna. Na ce masa madalla, amma ya je ya tambayo mini ranar da kansilolin suke zama. Har yau yana cigiya.

Sai a zuwana na huɗu na iya miƙewa. Ni da nake tsayawa gaban likitoci in karanto bayanin majiyyaci ba gargada, ranar takardar hannuna rawa take yi. Na faɗi sunana da titinmu, na ce ni ma'aikaciyar jinya ce kuma uwa. Tambayata ɗaya ce: mu 'yan haya, ta yaya za mu san lokacin da aiki zai iso layinmu, tunda wasu takardun mai gida ake aika wa? Ba a ba da amsa nan take a irin wannan lokaci, ƙa'idar ke nan. Amma bayan an tashi wani ma'aikacin sashen ruwa ya same ni a baranda. Ya ce in sauka ɗakin ƙarƙashin gida inda bututu ya shigo kusa da mita, in kankare shi da makulli. In ya yi ƙyalli kamar azurfa, yana da taushi, kuma maganaɗisu bai kama shi ba, to dalma ce. Ya ƙara da cewa ba za su taɓa ɓangaren cikin gida ba sai mai gida ya sa hannu.

A daren na sauka da tocilan. Ya yi ƙyalli.

Mai gidanmu a wata jiha yake zaune, kuma irin mutanen nan ne da ba sa ɗaga waya sai ƙarshen wata. Sai da muka yi wata biyu muna binsa, har Malam ya haɗa da limamin masallacinsu, kafin ya sa hannu. Na buga takardar sau goma sha biyu na bi gidajen layinmu da ita. Matan Yamalawa biyu ba sa jin Turanci, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne, 'yar ɗayansu mai shekara 11 ta yi mana tafinta. Gida uku ba su buɗe mini ƙofa ba.

Da bazarar da ta biyo baya ta kama, wata safiya na dawo daga dutin dare na tarar an haƙe gaban gidanmu. Kafin la'asar sun zare tsohon sun sa na jan ƙarfe. Suka ce mu buɗe famfuna su zuba sosai, mu kuma ci gaba da amfani da matacin na wasu watanni, don girgizar aikin tana saki ɓurɓushi. Na roƙi ɗaya daga cikinsu ya yanko mini guntu kamar tsawon yatsa. Na ɗaure shi a leda biyu, na ɗauki hotonsa na tura wa Inna. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ga saƙon murya: "Ɗiyata, ki ɗauke abin nan daga inda yarinya za ta kai hannu."

Yana can saman kabad. Gidaje ukun nan kuwa har yanzu da tsohon bututunsu, kuma a ɗayansu na ga an shanya kayan jariri a baranda makon jiya.