Mahaifar Ƙasan Teku

Duk wanda ya dubi taswirar duniya da idon basira zai ga gaɓar yammacin Afirka da ta Kudancin Amurka sun dace da juna tamkar ƙwaryar da aka raba biyu. A shekarar 1912 wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce da can a haɗe suke. Masana suka ƙi yarda, domin ya kasa nuna ƙarfin da ya raba su. Ashe amsar tana kwance a ƙarƙashin ruwa.

A tsakiyar Tekun Atilantika akwai jerin tsaunuka da ruwa ya binne, waɗanda suka zarce cikin sauran tekuna har tsawon kimanin kilomita 65,000. A bisa doronsu akwai wani dogon kwazazzabo.

Ɓawon duniya dai ba dunƙule guda ba ne. Manyan faya-fayai ne da ke motsi. A kwazazzabon nan ne biyu daga cikinsu ke janyewa daga juna. Sai dutse mai tsananin zafi ya taso daga ƙasa. Da nauyin da ke danne shi ya ragu, sai sashensa ya narke, ya kutso ta tsagar, ya gamu da ruwan sanyi, ya daskare curi-curi kamar matasan kai. Sabon ƙasan teku ke nan. Harry Hess na Jami'ar Princeton ya wallafa wannan ra'ayi a 1962.

To, ina hujja? Yayin daskarewa, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikin dutsen kan fuskanci maganaɗisun duniya, wanda kan juya jefi-jefi, arewa ta koma kudu. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Ingila suka bayyana cewa wannan juyi ne ya bar ratsi-ratsi iri ɗaya dama da hagun tsaunukan, kamar na zanen saƙi. A 1968 jirgin Glomar Challenger ya haƙo duwatsun ƙasan Atilantika, aka tarar gwargwadon nisansu da kwazazzabon, gwargwadon tsufansu.

Atilantika na ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 5 a shekara, kusan yadda farce ke tsiro. Amma duniya ba ta kumbura, domin tsohon ƙasan teku na nutsewa cikin ramuka masu zurfi, musamman a gefen Tekun Fasifik.

Ɗalibai su sani, Kwarin Binuwai ma tsaga ce da ta soma buɗewa lokacin rabuwar nahiyoyin nan biyu, sannan ta tsaya. Da ta ci gaba, da watakila teku ce ke ratsa Nijeriya a yau.